Zauren matan Mabera: shin ɗan tiyata iska ba ta isarsa?

Hajiya Inno: Salamu alaikum. Likita ya ce matar ɗana aiki za a yi mata a ciro jaririn, don a gicciye yake. Ni kuwa ji nake ana cewa 'yan tiyata iska ba ta isarsu, shi ya sa suke tashi ba ƙwari.

Maman Sadik: Haka ne Hajiya. Nawa da anka ciro shi numfashi yake sama-sama, kwana biyu da robar iska a hanci.

Sista Rabi: Inna, akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Ni nake ɗaura wa jarirai na'urar awon iskar oksijin da ke cikin jini a hannun dama. Duk jariri, ko ta wace hanya ya zo, a minti na farko awonsa wajen 60 zuwa 65 cikin ɗari ne. A minti 5 ya kai 80 zuwa 85, a minti 10 kuma 85 zuwa 95. Ɗan tiyata yakan yi jinkirin 'yan mintoci kafin ya kamo ɗan'uwansa da anka haifa ba tiyata. Dalili, huhun ɗan tayi cike yake da ruwa, naƙuda ce ke sa jikinsa ya fara tsotse ruwan. Wanda bai sha naƙuda ba yakan fito da saura.

Maman Sadik: Mintoci fa kika ce, Sista. Ni kwana biyu na gani da idona.

Sista Rabi: Ban musa miki ba. Wasu ruwan kan daɗe, su yi saurin numfashi na kwana 1 zuwa 3, ya wuce. Shi ya sa in ba larura, ake jiran sati 39 kafin a yi aiki. Yanzu yaya Sadik ɗin?

Maman Sadik: Lafiya lau, yana aji uku. Amma da zaɓi gare ni, da kaina zan haihu.

Malama Asabe: Wa ya ƙi? Amma wannan ba ta da zaɓi. Ƙanwata kwana biyu tana naƙuda a gida don tsoron wuƙa, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma sai da anka kai ta asibitin Maryam Abacha don yoyon fitsari. Har yau abin na cina.

Sista Rabi: Allah ya jiƙansa. Inna, naƙudar da ta toshe ita ke hana ɗa iska tun yana ciki.

Hajiya Inno: Amin. Rabi, in kin tashi aiki ki biyo ta gida, mijinta ne zai sa hannu, ki faɗa masa da bakinki.