Tseren jirgin ƙyalle: mutum ne gwani ko iska?

Ɗan Obalende: Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar in na ɗauko maigida muka hau gadar da ke tsakanin Victoria Island da Onikan, nakan hango ƙananan jirage masu farin ƙyalle wajen Lagos Yacht Club. Babu inji, wasu ma mutum ɗaya ne a ciki. Maigida ya ce tsere suke, wai har a Olamfik ana yi. Akwai wanda ya yi suna da wannan kuwa? Ni dai gani nake iska ce ke aikin, shi zama kawai yake.

Baban Ummi, Apapa: Wa alaikumus salam. Zama? Ƙanena, sake dubawa da kyau. Ƙafafunsa na maƙale a wata ɗamara cikin jirgin, gangar jikinsa duk a waje take reto saman ruwa don kada iska ta kifar da shi, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da igiyar ƙyalle. Cinya da ciki ke shan wuya.

Gwaninsu Ben Ainslie ne, ɗan Ingila, haihuwar 1977. Yana ɗan shekara 19 ya ci azurfa a Olamfik na 1996 a jirgin da ake kira Laser, Robert Scheidt na Brazil ya ɗauki zinare. Daga nan zinare huɗu a jere: 2000, 2004, 2008, 2012.

Na 2000 a Sydney shi ne amsar tambayarka. Ba tsere ɗaya ake yi ba, da yawa ne, a tara maki. Kafin na ƙarshe Scheidt ke gaba. Sai Ainslie ya ƙyale sauran jiragen suka wuce, ya manne wa Scheidt, yana tare masa iska da ƙyallensa, duk inda ya juya ya sha gabansa, har ya mayar da shi can baya. Garin ƙwatar kansa Scheidt ya bugi jirgin Ainslie, alƙalai suka soke masa tseren. Iska ɗaya ce ke kaɗa su duka biyun fa.

Hajiyar Agege: Baban Ummi, ni wannan mugunta na ɗauke ta, ba gwaninta ba. Ka zo tsere ka tsaya tare hanya?

Baban Ummi, Apapa: Hajiya, doka ta yarda. Mutanen Brazil dai ra'ayinki suka bi, sun ji haushi ƙwarai. Scheidt kuma bai kwanta ba, ya karɓi zinaren Laser a 2004, don a lokacin Ainslie ya koma Finn, jirgin da ya fi nauyi da faɗin ƙyalle. Sai da ya ƙara ƙiba sosai kafin ya iya da shi.

Malam na Idi-Araba: Kada ku manta da Paul Elvstrøm na Denmark, shi ya fara cin huɗu a jere, 1948 zuwa 1960. Azurfar 1996 ce kawai ta ɗora Ainslie a kansa. Abin dariya, a 2012 wani ɗan Denmark ɗin ne, Jonas Høgh-Christensen, ya kusa hana shi na huɗun, sai a tseren ƙarshe aka raba gardama.

Ɗan Obalende: To na janye batun zama. Amma Baba, in iskar daga gaba take busowa, ta yaya suke zuwa?

Baban Ummi, Apapa: Ba sa tunkararta kai tsaye. A karkace suke tafiya, su yi dama su juyo hagu, suna cin gaba kaɗan-kaɗan. Sanin lokacin juyawar nan, a nan ake cin mutum.