Sabon kafireto a tsohuwar Roadmaster: ɗan China ko a nemo na asali?

Baban Khalifa:
Salamu alaikum jama'a. Ina da Honda CD185, wadda muke kira Roadmaster, ta marigayi mahaifinmu ce, ta daɗe a jingine a soro. Na sa an tashe ta, inji lafiya lau, kafireto ne ya ƙi. Mai yana ɗiga ta ƙasa ko a kashe take, ba ta tsayawa a silo (da an saki totur sai ta mutu), kan sukurun iska kuma ya cinye, sukundireba ba ta kama shi. Wanki kam an yi har an gaji. Bakanike ya ce in sayo sabo ɗan China, PZ26 irin wanda ake sa wa CG125. Abin da ke damuna, ita silinda biyu gare ta, kafireto ɗaya ke ba su mai. Wanda ya taɓa sa irin wannan a Roadmaster ya gaya min, ya zauna? Ko in haƙura in nemo tsohon Keihin, wato kafireto na asali na kamfani?

Sarkin Gudu:
Wanke shi kawai za ka yi da fetur, ka hura jet ɗin, 'yan ramukan nan da mai ke bi. Datti ne.

Baban Khalifa:
Ɗan'uwa ai na ce an wanke.

Na Fagge:
Allah ya jiƙan Baba. Ka sayar da ita ka cika ka sayi Boxer, ka huta da yawon neman kaya.

Kawu Funtuwa:
Malam, kafin komai, kada ka bari tsohon nan ya kwana a garejin kowa. Tawa CD200 ce. Ɗigar mai kawai take yi, na kai wa wani yaro a bakin tasha, ya kwance, ya juya shi a hannu ya ce "Kawu wannan ya gama aiki." Ya ɗaura min sabo mai ƙyalli, nawa kuma ya jefa a bokitin tarkace, ni da bakina na ce ya bar shi. Ranar farko har daɗi na ji, kik ɗaya take tashi, mai ba ya tafiya. Ashe ƙarancin mai ne ke cin injin. Jet ɗin ya yi mata ƙanƙanta, iska ta fi man yawa, zafi ya yi ta taruwa. Ina kan hanyar Zariya na ji tana tari, ƙarfi ya ɗauke, hayaƙi ta ko'ina. Da aka buɗe, fulogin fari fat, fistin ɗin hagu ya huje, ɗan yatsa yana shiga. A bayan a-kori-kura muka dawo ni da ita. Na koma neman tsohon kafiretona, wai yara sun haɗa da gwangwani sun sayar wa 'yan jari-bola. Bayan Sallah na gan shi a jikin babur ɗin wani, na gane shi ne da tabon da na yi masa da fulaya a kofin ƙasa. Na bar shi da Allah.

Ɗan Birni:
Innalillahi. Kawu ka yi magana kuwa?

Kawu Funtuwa:
Da wace sheda? Ni na ce a bar shi. Kuma ƙanin matar maƙwabcina ne, ka ga maganar ba ta da daɗin ɗagawa.

Injiniya Panteka:
Kawu, ka yi haƙuri, amma ba China ce ta huda maka fistin ba, rashin saiti ne. Ba a ɗaura sabon kafireto a hau titi. A fara auna tazarar ramukan noti biyun da faɗin bakin da ke shiga wuyan inji, sannan bakin da ke haɗuwa da robar filtar iska, sannan a ga ko wayar totur ta kai. In ya zauna, a kwatanta lambobin jet babba da ƙarami da na tsohon. A yi tafiya a zare fulogi duka biyu: baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, fari iska ta yi yawa, ruwan ƙasa ake so. Allurar da ke cikin silayid, wanda wayar totur ke ɗagawa, tana da tsagi, in ka mayar da kilif ƙasa allura ta ɗago, mai ya ƙaru. Shi kuma mai tambaya, ɗigar nan allurar fulot, mai tsayar da mai in kofin ƙasa ya cika, ita ce ta gaji, rashin silo kuma duba robar wuya ko ta tsage tana shan iska. Sukurun da ya cinye ana iya tsaga masa sabon kai a fito da shi.

Sarkin Gudu:
Wannan duk karatun YouTube ne. Mu da kunne muke saiti.

Injiniya Panteka:
Kunnen ne ai ya kai Kawu bayan a-kori-kura.

Na Fagge:
PZ26 na sayo wa ƙanina a Ƙofar Ruwa N9,000.

Ɗan Birni:
Wace shekara? Watan jiya N18,000 aka ce min, ba ragi.

Mai Basfa:
Akwai lamba ɗaya akwai lamba biyu, kwali iri ɗaya, duk an buga Keihin a jiki. Ɗauki ka ji nauyi. Ni dai a Basfata kafireton Dell'Orto ne tun na kamfani, gasket kawai nake canzawa.

Ɗan Maraɗi:
Nan wajenmu jikka 7 ta sefa ake saida shi, kuma daga wajenku ake kawowa, to ina N18,000 ta fito?

Kawu Funtuwa:
Na asali ɗan gwanjo wani ya ce zai aiko min daga Nnewi a N45,000. Wanda ya iso silayid ɗinsa yana rawa a ciki, ya fi nawa tsufa.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai. To amma akwai wanda ya sa PZ26 a 185 ɗin kanta?

Maman Amira:
Ni tambayata, in an gyara ina za a je da ita? Ta maigidana tana tsakar gida, kaji sun mayar da ita ɗakin ƙwai, kullum Asabar "saura kafireto". Har na aurar da 'ya ana saura kafireto.

Sarkin Gudu:
Hajiya a sayar min da ita har kajin.

Alhaji Tsohon Direba:
Yara ku yi shiru, wanda bai taɓa saita foyin na wutar fulogi ba kada ya yi wa Roadmaster fatawa. Kuma duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Babur ɗin da ya shekara a soro tankinsa ya yi tsatsa. Ko daga Japan ka ɗauko kafireto, tsatsar nan za ta toshe ƙaramin jet. A wanke tanki, a sa 'yar filtar mai a tiyo.

Injiniya Panteka:
Wannan gaskiya ne Alhaji. Amma kada a zura wa jet waya, faɗaɗa ramin take yi.

Alhaji Tsohon Direba:
Da wayar burki muka yi ta yi tun ba a haife ka ba.

Na Fagge:
Ku bar tsatsa, man ma fa? Tun da aka cire tallafi a 2023 abin da wasu 'yan bumburutu ke zubawa a galan Allah kaɗai ya sani. Na zare kofin kafiretona na tarar da ruwa kwance a ƙasa, sama kuma warin kananzir.

Ɗan Birni:
Gidan man ma ba ka tsira ba. Ka manta gurɓataccen man farkon 2022 mai methanol? Wani gidan mai a unguwarmu kuwa in ka sayi lita biyu a jarka ba ta kai layi.

Sarkin Gudu:
Shi ya sa nake zuwa da robar ruwa in auna a gabansu, sai su ce ba sa zubawa a roba.

Kawu Funtuwa:
Wane gidan mai ne a garinku litarsa take cika? A faɗa min a ɓoye, jibi ina shigowa.