Dafin dodon koɗin teku: mene ne amfanin ƙullin nan?

Ɗalibar Idi-Araba: Assalamu alaikum. Ina aji uku a fannin haɗa magunguna, jarrabawa ranar Litinin. Malaminmu ya rubuta CC-C-C a allo, ya ce sirrin dafin dodon koɗin teku mai ɓawo kamar katantanwa ke nan. Tun daga aji har na sauka daga danfo a Agege ina ta juya zancen. Ɗaya daga sinadaran dafin, alfa-konotoksin GI, amino asid (tubalan gina furotin) 13 ne kacal. Ta yaya ɗan abu haka zai tsayar da numfashin ƙato?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ɗauki carbi mai ƙwaya 13. In kin sake shi, lanƙwashewa zai yi ta ko'ina. Kowace ƙwaya amino asid ɗaya ce, kuma kowace C da kika gani sistin ce, wato amino asid mai ɗauke da farar wuta. Ta farko ta kama ta uku, ta biyu ta kama ta huɗu, ƙulli biyu ke nan, sai carbin ya dunƙule ya ƙi motsi. Wannan dunƙulen ne ke shiga daidai gurbin da asitilkolin, sinadarin da ke kai saƙon jijiya, ke zama a makarɓar saƙo ta tsoka, kamar karyayyen makulli a cikin kwaɗo. Jijiya na aika saƙo, tsoka ba ta ji. Idan abin ya kai ga tsokar numfashi, sai a yi gaggawar taimakon mutum da na'ura, don har yau ba shi da makari.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙwayoyin da ke tsakanin ƙullin. GI na da ƙwaya 3 tsakanin C ta biyu da ta uku, 5 tsakanin ta uku da ta huɗu, tsoka yake nema. ImI, wani alfa-konotoksin, na da 4 da 3, shi kuma makarɓar jijiyoyi yake kamawa. Ki riƙe wannan lissafin, malamai na son tambayarsa.

Mai Tsaraba Lekki: Malam, ni fa kun tsorata ni. Ɓawon nan nake sayar wa baƙi.

Baban Hanifa: Kwantar da hankalinka, Alhaji, busasshen ɓawo ba ya harbi. Mai kisan, Conus geographus, a tekun Indiya da Fasifik yake, kifi yake farauta da haƙori mai kama da mashi. Duk da haka in ka ga mai rai a bakin ruwa, kada ka sa hannu.

Ɗalibar Idi-Araba: Na gode, Yaya. To maganin nan Prialt fa, danginsu ɗaya da GI?

Baban Hanifa: Gida ɗaya, ɗaki daban. Shi omega-konotoksin ne, daga wani dodon koɗin, Conus magus, amino asid 25 da ƙulli uku, kuma ƙofar da sinadarin kalsiyam ke bi ya shiga jijiya yake toshewa. An gano shi a ɗakin binciken Baldomero Olivera a Jami'ar Utah, Amurka ta amince da shi a 2004 don matsanancin ciwo. Cikin ruwan lakar ƙashin baya ake zuba shi, ba a haɗiya. Allah ya ba da sa'a ranar Litinin.