Jamaniyam ko silikon: wanne ne ke ba da sautin fuzz na gaskiya?

Malam Bala: Assalamu alaikum. Ina nan a kan bakana: duk wanda zai haɗa fedal ɗin jita irin Fuzz Face a gida, wato ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa mai sa sautin jita ya yi kaushi (fuzz), in ba da taransistar jamaniyam zai yi ba, kada ya sa ran sautin da aka san ta da shi. Kamfanin Arbiter ya fitar da ita a Landan a 1966 da taransistar jamaniyam NKT275 guda biyu, ga kuma resistocinta: 33k a kolektan ta farko (kolekta, bes da emita su ne ƙafafu uku na taransista), 8.2k da 470 a kolektan ta biyu, 100k mai maido da sigina baya. Jamaniyam na fara buɗewa a wajen bolt 0.2 zuwa 0.3, silikon kuwa sai 0.6. Shi ya sa ɗaya ke yanke sigina a tausashe, ɗaya ke yanke ta da kaushi.

Injiniya Hauwa: Wa alaikumus salam, Malam. Alƙaluman daidai ne, amma ba su ne ke kawo bambancin da kunne ke ji ba. Abu biyu ne. Na farko ƙarfin ninkawa, wato hFE. Jamaniyam da ake so a wannan da'ira tana tsakanin 70 da 80 a ta farko, 110 zuwa 130 a ta biyu. Shi kuwa mai gwada silikon yawanci BC108C yake ɗaukowa, wadda hFE ɗinta ke farawa daga 420. Na biyu, tsofaffin jamaniyam irin AC128 masu nawa ne, iyakar gudunsu bai wuce wajen megahaz 1 ko 2 ba, sai su riƙa zubar da kaifin sauti da kansu. BC108 tana wuce megahaz 100, ba ta zubar da komai. A sa silikon 2N3903 ko 2N2369A da aka auna hFE ɗinsu ya yi daidai, a ɗora kafasita mai 47pF zuwa 100pF tsakanin kolekta da bes na ta biyu, kaushin nan zai kwanta. Kada kuma a manta, kamfanin da kansa ya koma silikon kafin shekarun 1960 su ƙare.

Sadiq: Hajiya, in aka sa 2N3903 ɗin ba tare da taɓa resistocin ba, me zai faru?

Injiniya Hauwa: Sautin zai shaƙe, Sadiq. Emitan ta biyu zai hau kusan bolt 0.9, lantarkin da ke bi ta 8.2k ya yi yawa, kolekta ya faɗo ƙasa da bolt 2. Cire 8.2k, ka sa ƙaramar resista mai juyawa ta 20k a gurbinta, ka ɗora mita tsakanin kolekta da layin ƙasa, ka juya har ka ga bolt 4.5 da batir mai bolt 9. Da irin wannan silikon za ka same ta a wajen 4.7k.

Malam Habu: Malam Bala, akwai inda ba ka taɓo ba, kuma nan ne sabon mai haɗawa ke shan wuya: yoyo. Jamaniyam tana barin lantarki ya zurara ko ba a ba bes komai ba, kuma yoyon yana ninkuwa kusan duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. In yoyon ta farko ya ƙaru, bolt ɗin emitan ta biyu sai ya sauka. A ce ya sauko daga 0.5 zuwa 0.25: lantarkin ya ragu da rabi, kolekta ya tashi daga 4.5 zuwa kusan 7. Daga nan sauti ya fara tsinkewa, kana kaɗa tsirkiya tana mutuwa kafin lokacinta. Fedal ɗin da aka daidaita da sanyin safiya kan zama wani abu daban da rana, ko a ƙarƙashin fitilun dandali.

Wani abin kuma, mitar da ke auna hFE ba ta san yoyo ba. Tana haɗa shi da ninkawar ta ba ka lamba mai kumbura. Sai ka ga 150, alhali na gaskiyar bai kai 90 ba.

Malam Bala: Wannan ba hujjar gudun jamaniyam ba ce, Malam Habu, hujjar aunawa ce. Ga yadda ake yi da PNP, ɗaya daga nau'o'in taransista biyu (ɗayan shi ne NPN). Batir mai bolt 9 cif, emita a fozitif, resista 2.47k daga kolekta zuwa negetif, mita a gefenta biyu. Bar bes a sake, ka jira minti ɗaya ko biyu, kuma kada ka riƙe taransistar da yatsa domin ɗumin hannu kaɗai yana motsa lambar. Abin da ka gani, raba shi da 2.47k, shi ne yoyo: bolt 0.25 na nufin kusan maikuro'amf 100. Sannan haɗa 2.2M daga bes zuwa negetif, ka sake karantawa. Cire na farko daga na biyu, ka ninka da 100, ka sami hFE na gaskiya. Wadda yoyonta ya wuce maikuro'amf 300, ajiye ta. Wasu na zamanin Tarayyar Sobiyat irin GT308 yoyonsu kaɗan ne ƙwarai. A kuma sa soket, kada a liƙa ƙafafunta kai tsaye, don zafin ƙarfen narka dalma yana lalata ta.

Sadiq: To wutar fa? Yawancinsu PNP ne, layin ƙasarsu fozitif.

Malam Habu: Nan ma sai an kula. In ka jona ta a kan adafta ɗaya da sauran fedaloli masu layin ƙasa negetif, wayar sigina za ta haɗe fozitif da negetif, wuta ta ɗauke ko adaftar ta ƙone. Ko dai batir, wanda ke daɗewa tunda da'irar ba ta jan fiye da miliamf 1 ko makamancinsa, ko a juya wutar da ICL7660S, ƙaramin cif mai mayar da fozitif negetif. A tabbata mai S ce, a haɗa ƙafa ta 1 da ta 8. In ba haka ba tana aiki a wajen kilohaz 10, kuma fitonta na iya kutsowa cikin amfilifaya. Silikon NPN ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan.

Injiniya Hauwa: Tana da nata matsalolin, gaskiya. Mai hFE mai yawa takan kama tashar rediyo ko ta yi ta kuka in an murɗa fuzz zuwa ƙarshe. Maganinsa gajerun wayoyi, akwatin aluminiyam da aka haɗa da layin ƙasa, da nisanta wayar shiga daga ta fita.

Malam Bala: Hajiya, na yarda kafasitar nan tana rage kaifi. Inda ban yarda ba shi ne abin da ke faruwa in mai kiɗa ya rage bolum a jikin jita daga 10 zuwa 7. Jamaniyam tana washewa a hankali har sauti ya fito tas. Silikon takan riƙe kaushin, sannan ta sake ta gaba ɗaya.

Injiniya Hauwa: Washewar nan daga ƙarancin turjiyar mashigar da'irar take, Malam, yadda take jan fikof ɗin jita (mai ɗaukar sautin tsirkiya) kai tsaye, kuma duk biyun suna da ita. Shi ya sa in ka sa fedal mai bafa (da'irar da ke raba fikof da abin da ke biye da shi) a gabanta, ko NKT275 ce a ciki, washewar ta tafi. Abin da ya rage shi ne yawan ninkawa, wanda muka riga muka daidaita.

Malam Bala: To a gwada a kan allon gwaji ɗaya, da soket. Biyu na jamaniyam, biyu na silikon, hFE ɗinsu kusa da juna, kowanne a kai kolektan ta biyu bolt 4.5, jita a jone kai tsaye ba bafa. Mai sauraro ya juya baya, wani ya riƙa musanyawa, a gwada a bolum 10 sannan a 7. Ina da yaƙinin a 7 za a gane jamaniyam.

Injiniya Hauwa: Na amince da sharaɗi ɗaya: a daidaita ƙarfin fitar sautin biyun da mita kafin a fara, domin wanda ya fi ƙara shi kunne ke zaɓa.