Wayar ga da ɗana ya aiko mini ta fi ƙarfina, a ba ni shawara

Tsohon tela, unguwar Bagalam:

Assalamu alaikum. Shekaruna 68, arba'in daga ciki a kan keken ɗinki na yi su a babbar kasuwar Maraɗi. Da ƙaramar salla ɗana da ke Kano ya aiko mini da babbar waya irin ta shafawa, ya ce in aje ƴar ƙaramata mai tocila. Tun ranar ban huta ba.

Waya da Faransanci take magana, ni ko allo na yi, sai yaƙi da jahilci da na shiga da girmana. Wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona mini rai lissafin kuɗɗi ne. Ƙanwata a Tibiri ta ce in tura mata dala ɗari shida na magani. Na zauna, na sa madubin ido, na rubuta 600, na tura, har ina jin daɗi na iya. Da la'asar ta kira: "Yaya, dala ɗari da ashirin na gani, ko an matsa maka ne?" Ashe 3000 ya kamata in rubuta. Mu muna ƙirga da dala, ita waya faran take ƙirgawa, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini.

Tun daga nan jikata ce mai tura mini komai. Shekarunta 13, amaryata nake ce mata, amma yanzu ta san kod ɗina, ta san abin da ya rage mini, ta san wa na ba da wanda na hana. Shekaranjiya ta ce, "Kaka, ai kana da jikka takwas, me ya sa ka ce ma Inna babu?" Mutumin da ko uwargidansa ba ta taɓa sanin abin da ke aljihunsa ba!

Sannan kullum sai wayar ta rubuta mini cewa ta cika, vokal, wato saƙon murya, ba ya buɗewa. Me ya cika ta, ni da ban zuba komai ba? Yaya zan yi in riƙa abina da kaina?

Mai gyaran waya, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Baba. Gurup-gurup ɗin WhatsApp ne suka cika ta. Duk wa'azi da bidiyon biki da barka da Juma'a da aka turo, wayar na sauke su da kanta, tana cin mega tana cin wuri. A shiga saitin WhatsApp, wajen ajiya da data, a kashe saukewar kai tsaye, a goge tsofaffin. Minti biyar ne.

In Tecno ce ko Itel, galibinsu suna da Hausa cikin jerin harsuna, kuma ana ƙara girman rubutu. Batun kuɗɗi, ku ninka dala sau biyar kafin ku rubuta, kuma ku duba adadin da ta nuna kafin ku sa kod. Ku canza kod ɗin, kada ku sa shekarar haihuwa. Duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, a faɗa mashi kod, ɓarawo ne.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli, Soura Bildi:

Malam, gara kai taka tana jin hannunka. Ni da sanyi in yatsuna suka bushe, sai in yi ta shafa kamar mai lallashin jinjiri, kira na shigowa har ya katse ban ɗauka ba. In ko na taɓa mai, ta buɗe abin da ban aike ta ba. Na taɓa kiran surukina da bidiyo ina bakin murhu ba ko kallabi. Na maida ta ƙasan akwati, na koma ƴar mai maɓalli, caji ɗaya kwana huɗu. Da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, masu manyan waya ne suka yi ta layi wajen mai janareto, ni ina gida.

Tsohon mushe (malamin makaranta), unguwar Zariya:

Ni da na koyar da Faransanci shekara 32 ma ban tsira ba. Lambobi 20 na katin wutar kontar, sau uku nake shigar da su kafin su karɓu, ga shi an kafa abin can sama sai na taka kujera. Ka samu ƙaramin littafi, ka rubuta kowane mataki da hannunka yadda za ka gane. Kod kaɗai kada ka rubuta.

Tsohon tela, unguwar Bagalam:

Allah ya saka da alheri. Na je wajen wani yaro bakin tasha ya maida ta Hausa, sai dai wata irin Hausa ce, "saituna", "sabuntawa", sai na karanta sau biyu. Vokal dai yana buɗewa yanzu, bidiyo sama da 900 ya goge. Kod ma na canza. Amaryata ta yi fushi, tun jiya ba ta kawo mini ruwan alwala ba.