Baƙin tsuntsaye a dausayin Haɗeja da Nguru da kaka: yaushe suke sauka, kuma yaya ake gane su?

Ɗan Birniwa:

Assalamu alaikum. Ina so in fara kallon tsuntsayen nan da ke zuwa daga Turai idan damina ta ɗauke, a yankinmu tsakanin Haɗeja da Nguru. Wane wata ya fi dacewa? Wane irin madubin hangen nesa zan nema? Sannan ta yaya ake bambance baƙo da ɗan gida, tunda daga nesa duk agwagin ruwa kamarsu ɗaya? Allah ya saka da alheri.

Baban Ummi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da sanin cewa ba rana ɗaya suke zuwa ba. Masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin taɓo su ne kan gaba, tun watan Agusta ake fara ganinsu. Tsattsewar Turai da ƙananan tsuntsayen kan bishiya suna biyo baya a Satumba da Oktoba. Agwagi kuwa sai Oktoba zuwa Nuwamba suke taruwa, kuma ba su cika ido sosai sai Disamba da Janairu.

Mutum kan ji labarin dubban agwagi, ya tafi a ƙarshen Satumba, ya dawo yana cewa ba komai. Akwai su, ruwa ne ya yi yawa. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna cika su malale fadama a Agusta da Satumba, sai tsuntsaye su bazu cikin shinkafa da ciyawa inda ido ba ya kaiwa. Idan ruwa ya fara ja, ya bar tafkuna daban-daban, a lokacin ne suke haɗuwa wuri guda. Saboda haka da kaka kada ka sa ido tsakiyar ruwa. Nemi gefe, inda ruwa ya janye ya bar danyen taɓo, da gonar shinkafar da aka girbe, da wurin da shanu ke shan ruwa.

Wurare uku ne sanannu: tafkin Nguru da mashigin Marma, wanda ya shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci a duniya, a 2000, sai Dagona a ƙasar Bade da Baturiya a Kiri Kasamma, su biyun a 2008. Dagona na ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, don haka sai da izinin ma'aikatan gandun ake shiga. Amma mai koyo bai buƙatar tafiya mai nisa. Kududdufin bayan gari da za ka iya zuwa sau biyu a mako ya fi maka Dagona sau ɗaya a shekara, domin a nan ne za ka lura da wanda babu shi jiya, yau ga shi.

Ka fita bayan asuba, ka kasance a wurin rana na ɓullowa. Tsaya ta gabas da ruwan, ranar tana bayanka. In ka fuskance ta, kowane tsuntsu baƙi ƙirin zai zame maka. Daga ƙarfe goma zafi kan sa iska ta riƙa rawa a kan ruwa, madubi ba ya nuna komai daidai, sai kuma bayan la'asar.

Malamar Kimiyya:

Baban Ummi ya gama da maganar lokaci. Game da madubi, nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Takwas ɗin yana nufin zai kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Kada a ruɗe ka da masu 20x50 ko masu zuƙowa da ake sayarwa a kasuwa. Duk yadda ƙarfin ya ƙaru, haka rawar hannunka ke ƙaruwa, filin da kake gani kuma ya ƙuntata, kafin ka lalubo tsuntsun ya tashi.

Saita shi sau ɗaya: lanƙwasa shi har da'ira biyun su zama ɗaya. Rufe gilashin dama da tafin hannu, juya ƙafar tsakiya har abin da kake kallo ya fito tas da idon hagu. Sai ka rufe na hagu, ka juya zoben da ke jikin idon dama kawai. Daga nan ƙafar tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa. Kafin ka biya kuɗi, kalli wayar lantarki daga nesa. Idan ta rabu biyu, madubin ya goce a ciki, ciwon kai zai sa maka. Ƙurar hunturu kuma kada ka goge ta da bakin riga, yashi ne, zai karce gilashin. Hure ta tukuna, sannan ka shafa da kyalle mai laushi.

Batun baƙo da ɗan gida, hanyar ita ce ka fara haddace ƴan gida: kirinjijiya, dinya, balbela, zalɓe, jinjimi, zakaran ƙeƙuwa. Kirinjijiya tana tsayawa a miƙe da dogon wuya da farar fuska, in ta tashi kuma fito take yi sau uku-uku. Idan ka ga agwagwa ƙarama, mai gajeren wuya, ta kwanta a ruwa, ruwan ƙasa, da ratsi a fuska, mai yiwuwa wadda littafin hotunan tsuntsaye ya kira garganey ce, ita ce ta fi yawa cikin agwagin Turai a nan. Hoton da ke littafi mai farar gira har ƙeya kayan aure ne na namiji, wato gashin da yake yi lokacin neman mace, kuma da kaka bai sa su ba, kamarsa ɗaya da mace. Jira ya tashi, za ka ga kafaɗar fiffikensa launin toka mai haske. Wadda ta fi ta girma, siririya, mai dogon wuya da tsinin jela, ita ce pintail.

Na bakin taɓo uku za ka fi cin karo da su. Akwai wanda ba ya daina kaɗa gindi sama da ƙasa, farin cikinsa ya hau har kafaɗa, in ya tashi yana bin saman ruwa da fiffike a sandare. Akwai mai ɗige-ɗigen fari a baya, da farar gira, da ƙafafu ruwan ɗorawa, yana tashi da kuka "cif-if-if". Na uku shi ne ruff, mai zuwa garke-garke gonar shinkafa: ƙaramin kai, bayansa kamar ɓawon kifi, ba ya kuka, kuma namiji ya fi mace girma ƙwarai, har mai koyo ya ɗauka iri biyu ne.

A kula da shirwa ma. Jelar shirwa a tsage take. Wanda ke shawagi ƙasa-ƙasa kan kacalla, fiffike a ɗage kamar harafin V, jela ba tsaga, kai ruwan madara, baƙo ne daga Turai.

Mai Kwalekwale:

Ni inda na ɗan saɓa da ku shi ne duk kun tura shi bakin ruwa. Da kaka abin kallo rabi yana kan bishiya. Ƙananan tsuntsayen nan da ba su kai nauyin gram ashirin ba sun ratso Sahara, galibi da dare suke tafiya, suna sauka a rame, abinci kawai suke nema. Duba gawo. Shi ne ke zubar da ganye da damina ya fitar da sabo idan rani ya kama, daidai zuwansu, kuma ƙwari na taruwa a kansa. Bagaruwar bakin fadama da aduwa su ma haka. Darbejiya kuwa, duk inuwarta, ba ta da abin da suke so, kada ka ɓata safiyarka a ƙarƙashinta. Zauna taku goma sha biyar daga gindin gawo, ka yi minti ashirin ba motsi. Kalli inda ganye ya girgiza, kada ka ɗauke ido daga wurin, ka ɗago madubin zuwa idonka. Wanda ya sunkuya ya duba madubi tukuna ya rasa tsuntsun.

Bi garken shanu ma da ido. Siririn tsuntsu mai rawayan ciki da doguwar jela da yake kaɗawa, yana gudu tsakanin ƙafafun shanu yana cafke ƙwarin da suka tayar, daga Turai yake. Shamuwa kuwa akasin haka ce: a nan take sheƙa da damina, lokacin da waɗancan ke sauka ita kuma tana haramar tafiya kudancin Afirka. Rubuta ranar ƙarshe da ka gan ta, wannan ma ilimi ne.

Sai abin da ya fi muhimmanci. Kafin ka rataya madubi a ƙauyen da ba naka ba, je ka gaida mai unguwa ko bulama, ka faɗi abin da ya kawo ka. A halin da ake ciki, baƙo da madubi yana leƙe-leƙe abin zargi ne. Kada ka nuna shi wajen gidaje, ko mashaya inda mata ke wanki, ko shingen jami'an tsaro. Kada ka ratsa shinkafar mutane. In za ka shiga jirgi, nemi masunci na wurin, domin kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa tun bayan da madatsun Tiga, 1974, da Challawa, 1992, suka canza yadda ruwa ke zuwa, wanda bai san mashiga ba zai maƙale. Kada ka shiga ruwan da ƙafa, akwai tsargiya. Mataccen tsuntsu kuma kada ka taɓa shi da hannu saboda murar tsuntsaye, in sun yi yawa ka sanar da ofishin dabbobi.

Ɗan Birniwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Yaya ake ƙirga garke in ya yi yawa? Kuma abin da na rubuta akwai inda zai yi amfani?

Malamar Kimiyya:

Ƙirga goma ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe girman wannan guntun a ido, sai ka riƙa aza shi a kan sauran: goma, ashirin, talatin. In sun haura ɗari biyar, yi da hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Maimaita sau biyu. Ido kan rage adadin garken da ya cunkushe, don haka in lissafin biyu ya bambanta sosai, sake na uku.

A littafinka rubuta kwanan wata, wuri, lokacin farawa da gamawa, da yanayin ruwa. Wanda ba ka gane ba, rubuta girmansa in aka kwatanta da kurciya, tsawon baki, launin ƙafa, da abin da yake yi, tun kafin ka buɗe littafin hotuna. In ka fara duba hoto, zuciyarka za ta ƙara masa alamar da ba ka gani ba. Kuma barin layi babu suna ya fi a sa sunan zato.

Amfani kuwa akwai shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, ana tura bayani ta manhajar BirdLasser. An yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita tara kowane gefe, kana yin aƙalla awa biyu a ciki, cikin kwana biyar, kana jera tsuntsaye bisa yadda ka fara ganinsu. A watan Janairu kuma ana ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, kuma dausayin nan yana ciki.

Baban Ummi:

Ƙari ɗaya. Idan masunci ko maharbi ya nuna maka zoben ƙarfe da ya samu a ƙafar tsuntsu, irin wanda masu bincike ke sa wa tsuntsaye don bin diddigin tafiyarsu, kwafe duk abin da ke jiki, lamba da haruffa da sunan garin da aka buga, ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe, ka tambayi rana da wurin da aka same shi. Ana aika wannan ga ƙungiyar EURING, mai haɗa bayanan zoben tsuntsaye a Turai, ta intanet, su kan dawo da amsar inda aka sa zoben da shekarar. Ka tambaya da ladabi, ba da sigar tuhuma ba, in ba haka ba gobe ba wanda zai sake nuna maka.