Na canza kamfanin kan harsashi, awon albarushi fa?

Salam 'yan uwa, don Allah masu cika harsashi da kansu ku taimaka min. Na jima ina cika harsashi samfurin .308 da kai mai nauyin giren 150 (giren ma'aunin nauyi ne) na kamfani ɗaya, yanzu ya yi wuyar samu sai na sayi na wani, nauyi ɗaya ne amma shi gindinsa a tsuke yake, kuma da na zaunar da shi cikin kwanson harsashi a tsayin da na saba sai na ga kamar yana taɓa zaren cikin bututun bindiga. Littafina na awon albarushi babu wannan kan a ciki. Awon da na saba zai yi, ko dole in koma mafi ƙaranci in riƙa hawa a hankali? Wallahi matsin da ke tasowa cikin bindiga in an harba nake tsoro, ban harba ko ɗaya ba tukuna.